Garmar da Take Sauka da Kanta

Ruwan bana ya ƙi ɗaukewa. Ba irin na Arewa ba ne da zai taso da iska da tsawa, ya yi abin da zai yi ya ba mutane wuri. Na Inugu naci gare shi, ya kwana yana zuba ya wuni yana zuba, bango ya yi gumi, tabarma ta yi wari, ashana ta ƙi kamawa. Jiya ina zaune a bakin shagona a nan Asata, ba mota ba mai mota, ina kallon kwata tana tafiya da ledoji, sai gabana ya faɗi haka kawai. Da na bi sawun abin sai na gane. Irin wannan ruwan aka yi a shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina, shekarar da Baba ya sayi tarakta.

Ni mai wayarin ne, wato gyaran wutar mota. Sunana Tasi'u. A Asata aka haife ni, a nan na yi wayo, na koyi sana'a a hannun wani Ibo da muke kira Oga Emeka, mutum mai saurin hannu wajen mari, mai saurin yafiya. A lokacin da nake ba da labari na riga na buɗe nawa shagon, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Gani nake babu wayar da za ta ɓoye mini.

Baba falken shanu ne. Yana saurayi da ƙafa yake koro garke daga Arewa har gaɓar kogi a Anaca. Da tireloli suka zo, shi kuma ƙarfi ya fara ja baya, sai ya zauna a kara yana dillanci. Yayana Habu, ɗansa na fari, shi ne ya gaji hanyar, yana jan tirelar shanu.

A shekarar sai hanya ta toshe. Can gada ta karye, can kuma ana tashin hankali, direbobi suka ajiye makullai. Kara ta koma fili, sai turaku da ƙudaje. Mahauta na zaune suna wasa wuƙaƙe, ba abin yankawa. Gero ya ɓace a kasuwa, wake ya bi shi, albasa ta zama abin kallo. Gidan da ba a saba ɗora tukunya ba nama ba, sai ga Inna tana dama mana ruwan masara tana kiransa kunu don dai a samu sunan kira.

Baba bai yi shawara da kowa ba. Ya sayar da 'yan shanun da suka rage masa, ya ɗauki Yaya Habu suka tafi Anaca, suka dawo da tsohuwar tarakta 'yar tokumbo a bayan babbar mota. Dabararsa ita ce Yaya ya riƙa yi wa manoman ƙauyukan bayan gari huɗa, masu shinkafa a fadama da masu masarar ƙarshen damina, su biya da abin da ya samu. Wani ya ba da doya, wani garin rogo, wani tsohuwar shinkafa. Duk abin da ya shiga tukunyar gidanmu a daminar nan daga bayan taraktar ya fito.

Taraktocin da muka sani liba ce da su a gefen kujera, ka ja garma ta ɗaga, ka tura ta sauka. Wannan ba ta da liba. Wani ɗan makunni ne irin na rediyo, da 'yar jar fitila a kusa da shi, sai maɓallai biyu a kan marfin tayar baya saboda wanda ke tsaye a ƙasa. Daga nan wayoyi ke tafiya zuwa wani ƙaramin akwati a ƙarƙashin kujera, wanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Shi ne ke ba bawul, wato ƙofar mai, umarni, ya riƙe mai ko ya sake shi. In ya riƙe, hannayen ƙarfen nan biyu na baya su tsaya da garma a sama. In ya saki, ta faɗo. Garmar mai faifai ce, ta fi ƙosasshen bijimi nauyi.

A Arewa da wannan bai dami kowa ba, ƙasa fes take kafin a yi huɗa. Ciyawar kudu kuwa ta fi mutum tsawo, ga jijiya. Ba a yin nisa sai ta nannaɗe faifan garma ta cushe su. Dole direba ya tsaya, ya ɗaga garmar, ya sauko da adda, ya shiga ƙarƙashinta ya sassare. Injin kuma ba a kashe shi, don batirin ya gaji, in ya mutu a tsakiyar fadama ba mai tura shi. Haka Yaya yake wuni, yana shiga yana fita a ƙarƙashin ƙarfen nan.

Azumi bai yi nisa ba, wata rana muna buɗa-baki a baranda, ruwa na dukan kwano, Yaya ya dube ni yana murmushi.

"Injiniya, motar nan fa ta koyi gaisuwa."

"Wace irin gaisuwa, Yaya?"

"Na ɗaga garma, na sauko zan cire ciyawa, ban kai ga sunkuyawa ba sai ta durƙusa da kanta. Ba wanda ya taɓa ta."

Dariya yake yi. Inna ta ajiye ludayi ta zuba masa ido. Baba ya ci gaba da shan kununsa kamar bai ji ba. Ni kuwa na san in da ya riga ya sunkuya, da ba da shi muke shan ruwa ba.

Washegari na rufe shago, na hau okada na bi shi ƙauyen. Kafin in isa rana ta ɗan leƙo, ƙasa na tururi. Na sa ya ɗaga garmar, muka koma gefe muka zuba mata ido har wuyana ya ƙage. Ko motsi ba ta yi ba. Na tambaye shi yadda ta sauka, a hankali ko gaba ɗaya. Ya ce gaba ɗaya, kuma kafin ta faɗo ya ji wani ɗan ƙas. Wannan ƙas ɗin shi ya hana ni sukuni. In da mai ne ke zurarewa, a hankali za ta riƙa sunkuyowa. Ƙas kuwa muryar bawul ce. Wato wani abu ne ya ba shi wuta ya ce ya saki, alhali ba hannun kowa a kan maɓalli.

Na fara daga inda ake farawa. Na ciro fis-fis ɗin na duba, lafiyarsu ƙalau. Na kwance wayar at, wadda ke mayar da wuta jikin ƙarfe, na kankare tsatsar wurin har ya yi ƙyalli, na ɗaure tam. Na canja rile, ɗan makunnin da wuta ke kunna shi da kanta. Na sa mita a kan sansar da ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda hannayen suke, allura ta hau ta sauka yadda ya kamata. Na jijjiga wayoyi, na bubbuga akwatin, na yi duk tsokanar da na sani. Tarakta ta tsaya tana kallona kamar akuyar da ta ci gari ta goge baki.

Yanzu in an kawo irin wannan, kwamfuta ake jona mata, ta faɗi ciwonta da bakinta, yaran zamani su karanta a waya su yi ta murna sun iya aiki. A lokacin ba mu da wannan. Jar fitilar tana ƙyaftawa, mun san magana take yi, amma takardar da ke fassara ƙyaftawar tana can ƙasar da motar ta baro. Sai ido, da kunne, da mita.

Ta yi kwanaki lafiya, har Yaya ya fara cewa aikina ya ci. Sai ta sake. Na koma na canja makunnin. Ta yi shiru, ta sake. Girman kaina ya sauka, na je na durƙusa wa Oga Emeka. Ya rufe nasa shagon ya biyo ni, ya wuni a ƙarƙashin motar da tsufansa, ya fito jikinsa duk taɓo yana girgiza kai.

"Tasi'u, this one pass me," in ji shi. Ya ce ya fi ƙarfinsa, ko dai ƙwaƙwalwar ce ta taɓu, ko kuma abin ba na waya ba ne. Irin akwatin babu shi a Inugu, babu a Anaca. Wani ya ce a gwada Fatakwal, aka aika, shiru.

Mutanen ƙauyen su tuni sun yanke hukunci. Suka ce fadamar tana da mai ita, kuma ba a nemi izininsa ba kafin a sa mata ƙarfe. Wani dattijo ya zo ya zuba giya a ƙasa yana magana ƙasa-ƙasa. A unguwarmu ma ba a bar mu a baya ba, aka ce sammu ne, aka ce baki ne. Raina ya ɓaci da su duka. Na ce aljanin da ya san wayar saukarwa daga ta ɗagawa, ai sai ya zo in ba shi aiki a shago. Amma in na kaɗaita, ni ma tsoro nake ji.

Abu guda na lura da shi. Ba ta yi sai in ruwa ya kwana yana zuba, kuma da safe take yi. Ni kuma kullum sai rana ta ɗaga nake isa. Sai na daina buɗe shago da safe. Muna idar da asuba nake bin Yaya, mu biyu a bayan okada ɗaya, leda a kanmu, ciki ba komai sai jiƙaƙƙen garin rogon da muka yi sahur da shi.

A irin wannan safiyar na gani da idona. Hazo ya kwanta a fadama, kwaɗi na ta kuka, ya ɗaga garma muka ja baya. Jar fitila ta fara ƙyaftawa. Hannayen ƙarfen suka yi wata 'yar karkarwa, irin ta fatar saniya in ƙuda ya sauka. Sai ƙas. Garma ta dira, faifanta suka nutse a laka, ruwan taɓo ya fallatso har fuskata. Muka dubi juna. Ranar Yaya bai yi dariya ba.

Tun motar na jiƙe na bi wayar saukarwa da mita, sai ga wuta a cikinta, 'yar kaɗan, tana zuwa tana ɗaukewa. Na bi ta har soket ɗin maɓallan da ke kan marfin taya. Na zare shi, sai ga wani farin gari a cikinsa, ya jiƙe ya yi danƙo. Na ɗauka irin farar ƙurar da tsatsa ke yi ce a kan batir. Na wanke shi da fetur, na cire maɓallan gaba ɗaya, na yanke bakin wayoyin na naɗe kowace daban. Mu masu wayarin haƙori ne filayarmu, da shi muke fere waya tun muna koyo. Amma da azumi a bakina ba na kai waya baki, don haka duk watan da wuƙa nake aiki.

"Ka kama ɓarawon?" in ji Yaya.

"Na kama wani. Ban sani ba ko shi kaɗai ne."

Na sa aka saro mini gungumen icce mai kauri, na ce duk sa'ad da zai shiga ƙarƙashi ya tokare garmar da shi. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce na haɗa shi da sandar tsohuwa. Amma ya yi mini alkawari, kuma Yaya ba ya saɓa alkawari.

Muka samu sararin kusan mako. Sai ga ƙas ɗin ya dawo, babu maɓalli, babu soket. Gungumen ne ya tare ta. A ranar na rasa inda zan sa kaina. Duk abin da na sani na gwada, abin da ya rage shi ne a kwance wayoyin motar kaf a bi su ɗaya bayan ɗaya, wannan kuwa sai an ajiye ta kwanaki.

"Yaya, ka bari sai bayan salla. In zauna a kanta a tsanake."

"Manoman nan ba za su jira salla ba, Tasi'u, ba tasu ba ce. In ruwa ya cika fadama shi ke nan sai baɗi. Ga wata tarakta can a ƙauyen gaba tana jiran in yi tuntuɓe. In na ajiye ta, me Inna za ta ɗora?"

Na san abin da ke cikin buhun da ke bayan ƙofar Inna, don ina jin ƙarar kwano yana karce gindinsa.

Sai na kai ƙara wurin Baba. Na same shi a kan buzunsa bayan la'asar, na tsuguna na gaishe shi, na zayyana masa komai, na ce shi kaɗai ne zai hana Yaya ya hanu. Baba mutumin da ne. Tunda nake ban taɓa jin ya kira sunan Yaya ba, saboda kunyar ɗan fari. Ba ya kallonsa ido cikin ido, ba ya yabonsa, in ciwo yake yi ba ya tambaya sai dai ya ji a bakin Inna. Ya saurare ni har na gama, yana jan carbi.

"Wancan ya san aikinsa," in ji shi. "Allah ne ke tsarewa."

Na tashi raina a ɓace. A zuciyata na ce wannan ba kunya ba ce, rashin damuwa ne. Na yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Haka muka shiga goman ƙarshe. Ba ƙishirwa a azumin, ba kamar na yanzu da ke faɗowa cikin zafi ba. Yunwa ce da sanyi. Itace a jiƙe, Inna na hura wuta idonta na hawaye, hayaƙi ya cika tsakar gida ya ƙi tashi. Kwanon ɗaki na yoyo, an jera robobi ana tara. Tufa ba ta bushewa, sai dai ka mayar da ita da danshinta. Wata maƙwabciyarmu Ibo mai sayar da okpa, irin alalarsu ta gujiya, takan miƙo wa Inna abin da ya yi kwantai, mu raba da wuƙa. Da yamma kuwa duk gidan sai ya koma kunne. Inna ta fito bakin ƙofa da sunan zubar da ruwa, ta tsaya. Duk okadan da ya shigo layi sai hira ta yanke, in ya wuce a ci gaba. Sai Yaya ya yi sallama, taɓo har gwiwa, sannan ake jin ɗanɗanon kunu.

Ranar da abin ya faru ban bi shi ba. Wani mai bas ya kawo aiki, ga gida ba ko sisi, Yaya da kansa ya ce in tsaya. Da hantsi gari ya yi baƙi kamar magariba ta yi. Ina cikin bas ɗin sai na ji okada ya tsaya da ƙarfi a ƙofar shago. Wani mutumin ƙauyen ne, ba takalmi, ruwa na zuba daga jikinsa.

"Na you be brother to tractor man?"

Yana tambaya ko ni ne ɗan'uwan mai tarakta. Ban tambaye shi komai ba, na hau bayansa.

Daga baya suka ba ni labari. Yaya ya tokare garmar da gungumen yadda ya saba. Amma ruwan ya kai wa ƙasa iya wuya, wurin ya zama kunu. Da garmar ta sauko, sai gungumen ya nutse ya kwanta gefe. Ya ji ƙas ɗin, ya yi wuf zai fice, jikinsa ya fita, ƙafar dama ba ta fita ba. Da itatuwa mutanen suka ɗaga ƙarfen suka zaro shi. A asibiti likita ya ce babu abin da za a ɗinke, aka yanke daga ƙasan gwiwa.

Ba zan iya cewa ga yadda sallar ta wuce ba. Na san an je idi cikin yayyafi, na san Inna ba ta ɗora tukunya ba, maƙwabta ne suka yi ta shigo da kwanuka. Baba ya je asibiti, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, bai shiga ba.

Bayan salla na koma ƙauyen ni kaɗai. Taraktar na nan inda aka bar ta, ciyawa har ta fara hawa tayoyinta. Mutanen sun kewaye ta da ɗanyen ganyen kwakwar manja, alamarsu ta cewa kada kowa ya matsa. Na tsallake. Ban zo don in gyara ta ba. Zuwa na yi in ga fuskar abin da ya cinye ƙafar ɗan'uwana.

Na fara tsaga baƙar rigar da ta lulluɓe wayoyin, daga inda na yanke a baya, ina bi a ƙarƙashin marfin taya. Ciki duk a jiƙe, farin garin nan ya bi tsawonsu. Na kai wani lungu inda wayar wuta da wayar saukarwa suka kwanta a jikin juna, fatarsu ta tsattsage saboda tsufa. Na yanko guntu don in ga cikinta. Azumi ya wuce, hannu ya koma ga abin da ya saba, sai na kai ta baki na ciza.

Na tsaya cak. Babu Bahaushen da zai ɗanɗana wannan ya tambaya. Kanwa ce, da gishiri a cikinta.

Ruwan sama shi kaɗai ba ya ɗaukar wuta sosai. Ruwan kanwa da gishiri kuwa hanya ce shimfiɗaɗɗiya. In ya jiƙa wayoyin nan biyu, wuta ta tsallaka daga wannan zuwa waccan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka an danna maɓalli. In rana ta fito ya bushe ya koma gari, mota ta koma ta Allah. Duk watan nan abin yana kan yatsuna, harshena ne kawai bai kai gare shi ba.

Na ɗaga kai in ga daga ina. Daidai saman lungun akwai wani ɗan akwatin sufana a manne da marfin taya, da ƙaramin kwaɗo a jikinsa. Ban taɓa kula shi ba, don ba waya ko ɗaya da ta shiga cikinsa, Yaya kuma ya ce tun da aka kawo motar bai ga makullinsa ba. A gindinsa tsatsa ta huda 'yar ƙofa, ga ɗigo guda yana lilo. Na sa guduma na fasa kwaɗon.

Ƙulli ne a tsumman farin yadi, rabinsa ya narke. Kafin in taɓa shi na san mai shi, saboda ɗaurin bakinsa. Irin ɗaurin da ake yi wa maraƙi ne a turke, wanda Baba ke yi ko igiyar shanya zai ɗaura. A zamaninsu Baba, fatake ba sa kama hanya sai da ƙullin kanwa da gishiri, a yi masa tofi, a soke a cikin kaya, na dabba ne in ta ƙi ci, na mutum ne in ciki ya murɗa, kuma tsari ne. A Arewa irin wannan ƙullin sai ya shekara nawa yana nan ƙam. Na zauna a cikin taɓon nan da shi a hannuna, na yi kukan da ban yi a asibiti ba.

Daga can asibitin na wuce. Yaya na kwance ya rame, ya ga fuskata ya ce, "Injiniya, ka kama shi."

Na buɗe hannuna na nuna masa. Na yi masa bayani a hankali, ɗigon, da wayoyin, da ranar da ke busar da su. Ya karɓi ƙullin yana juya shi, ya daɗe yana kallon ɗaurin.

"Yaushe ya sa?"

"Ina jin tun ranar da kuka kawo ta. Har da kwaɗo ya saya."

Ya rufe ido. Can ya ce, "Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"To ruwa ne ya shiga waya, Tasi'u. Ka ji ko? Ruwa ne."

Na ce na ji.

Da aka sallame shi muka kawo shi gida, aka shimfiɗa masa katifa a baranda don ya sha iska. Jama'a suka yi ta zuwa sannu har la'asar, sannan aka watse, ya rage daga ni sai shi sai Baba a kan buzunsa, ya ba mu gefe. Ya rame shi ma, rawaninsa ya yi masa yawa. Ya yi gyaran murya, da ni yake magana, amma ba don ni ba.

"Tasi'u, an ce ka je wurin motar."

"Na je, Baba."

"Me ka gani?"

"Ruwa ne ya shiga waya."

Ya gyaɗa kai. Ya ja carbi kaɗan, sannan ya ce, "Akwai ɗan akwati a kan taya. Na ajiye wani abu a ciki, ban gaya wa kowa ba. Da ka zo kana cewa in hana wancan fita, na san kana ganin ban damu ba. Na daɗe ina tofi a kan abin nan kafin in sa." Ya ajiye carbin. "Mutanen sun ce saura kaɗan ta same shi a baya. Ina ganin albarkacinsa ne Allah ya taƙaita abin a ƙafa."

Na kasa ɗaga kai. Bakina ya cika da magana, ban san wadda za ta fito ba. Yaya ne ya riga ni. Ya dafa katifa ya ɗago, ya juyo da fuskarsa wajen mahaifinmu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Haka ne, Baba," in ji shi. "Na gode."